Ra'ayinmu: Ƙosai Ba Abin Kunya Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin Gwamnati, a wannan fitowa mun ga ya dace mu jingine maganar kuɗin makaranta da ta ɗakunan kwana, mu ɗauki wata magana wadda da yawa za su ce ba ta kai a ɓata mata tawada ba, watau maganar ƙosai da awara da kwaɗon zogale. Abin da ya jawo ta kuwa shi ne wani ɗan saɓani da ya auku a kwamitin da aka ɗora wa shirya walimar maraba da sababbin ɗalibai 'yan ƙasar Maska. Wata 'yar'uwa ta kawo shawara a ba matan da ke sana'a a bakin ƙofa aikin alale da ɗanwake da zoɓo, domin kuɗin da ke hannu ba su taka kara sun karya ba. Kafin ta rufe baki sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce ai sai a ɗauka taron suna ake yi a ƙauye, wani ya ce da wane ido za a dubi manyan baƙi a miƙa musu wake. Daga ƙarshe aka kwashe kuɗin aka sayo ɗan burodin nan mai nama a ciki da lemon kwalba, abin bai zagaya rabin jama'a ba, aka watse da yunwa. Abin mamaki, da aka tashi, waɗanda suka fi kowa dariya su muka tarar tsugune gaban kaskon mai awara, can inda hasken fitila bai kai ba, suna cewa a ƙara musu yaji.

Ba mu kawo wannan labari don mu tona asirin kowa ba, domin in za a bi gaskiya kowannenmu ya taɓa yin irin haka. Abin da muke so mu faɗa shi ne, cimar nan da babu nama a cikinta, wadda ake sayarwa a tashoshi da kasuwanni da bakin titunan Funtuwa da Malumfashi da Bakori, ita ce ta raine mu, ita ce ke riƙe da mu a yau, kuma ta cancanci mu ci ta a fili cikin jin daɗi, mu tsaya mata ranar da alƙalami ya zo hannunmu. Ɗan bokon da ke cin awara a duhu yana kushe ta da rana, shi ne gobe zai zama jami'in da zai sa a kifar da kaskon mai awara don kawai za a yi babban baƙo a gari.

Bari mu fara da leƙa waje, tun da yake mu 'yan boko ba mu cika yarda abu yana da daraja ba sai mun ji Bature ya yaba. A Ingila tun 1847 aka kafa ƙungiyar masu ƙin cin nama. A watan Nuwamba na 1944 wani mutum mai suna Donald Watson da abokansa suka ware suka kafa tasu, suka ce su ba nama kaɗai suka bari ba, har da madara da ƙwai da duk abin da ya fito daga jikin dabba. Su ne ake kira 'yan bigan. Shekara da shekaru ana yi musu kallon bauɗaɗɗu, amma daga wajen 2010 sai abin ya zama yayi a manyan birane irin su Landan da Balin da Los Anjalas. Akan sami mota a mai da cikinta madafa, a huda mata taga a gefe, ta tsaya a dandali tana sayar da dafaffen abinci. Akan kuma ware ranar kasuwa sukutum wadda ba a kasa komai na dabba a cikinta. Samari da 'yan mata masu digiri su yi layi, su biya kuɗi masu kauri, su ɗauki hoton abincin kafin su kai baki. To, me ake sayar musu? Curin waken suya ne soyayye, irin wanda Sinawa da Japanawa suka daɗe suna yi, da dunƙulen markaɗaɗɗen wake da aka tsoma a mai, irin na Larabawan Masar da Sham, da ganye da aka cakuɗa da gyaɗa ko riɗi. In aka tuɓe musu sunayen Turanci, awara ce da ƙosai da kwaɗo. Har akwai wani kamfani a Kalifoniya ta Amurka mai suna Kuli Kuli, wanda ke cinikin garin zogale. Baturiyar da ta kafa shi, Lisa Curtis, aikin sa-kai ta yi a wani ƙauye na Jamhuriyar Nijar, a can aka koya mata cin zogale da ƙuli-ƙuli. Ta tafi da sunan ta yi jari da shi, mu kuwa muna nan muna jin nauyin a gan mu da shi a hannu.

Mu dawo gida. Funtuwa mahaɗar hanyoyi ce. Ta nan mai zuwa Gusau da Sakkwato daga Zariya ke ratsawa, ta nan ake miƙewa Bakori da Malumfashi a nufi Katsina ko Kano, ta nan kuma ake karkata zuwa Birnin Gwari. Tun da jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, ga kuma cinikin auduga da masana'antunta, garin ya zama matattarar direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako da fatake da leburori. Duk inda baƙi suka taru kuwa, lalle a sami mai dafa musu. Motar abincinmu ita ce baro da amalanke, da tire a kan mai talla, da kasko bisa murhun duwatsu uku, kuma ta riga ta Turawa fitowa da nisa.

Wanda ya taɓa sauka a tashar Funtuwa da asubar fari cikin hunturu ya san ƙamshin da muke nufi. Tun jiya mai ƙosai ta surfa wakenta ta wanke, da asuba aka markaɗo mata shi da attaruhu da albasa, ga ta nan tana buga ƙullun har ya tashi, tana ɗiga shi cikin mai yana tasowa jajir. Gefenta ga mai koko da ƙwaryarta, an ji citta da kanumfari. Da hantsi sai masu ɗanwake su fito, kowane ƙwaro yana sheƙi da man gyaɗa da yaji, sai alale mai manja, sai tubani a naɗe cikin ganye, sai mai waina tana juya tanda da tsinke. Da azahar, a rumfunan kasuwar Bakori ko ta Ɗandume, inda ake jibge buhunan masara da dawa da waken suya kamar tsauni, za ka iske ɗan dako da dillali a benci guda suna cin garau-garau, ko dambun tsaki da ya sha zogale da gyaɗa, ko fate mai rama da yakuwa. Da la'asar lokacin kwaɗo ne, da rogo da garin ƙuli. In dare ya yi a Malumfashi, duk lungun da ka hango wuta tana ci, awara ce ko 'yar tsala ko soyayyen dankali. Abin sha ma ba a bar mu a baya ba: kunun gyaɗa, kunun tsamiya, kunun aya, zoɓo, ga kuma rake da mazarƙwailar Ɗanja in ana son zaƙi.

Wani abin daɗin wannan kasuwa shi ne ba ta zama wuri guda, tana juyawa da shekara. Da damina tafasa da rama da yaɗiya ke cika faifai. Da kaka sai dafaffiyar gyaɗa da gurjiya da gasasshiyar masara da kabewa. Da rani kuma fadamu da lambuna su kawo tumatir da albasa da latas da kabeji da karas. Mutum zai iya wuni ya kwana yana ci yana canzawa, bai maimaita abu ɗaya ba, bai kuma taɓa tsoka ba, ya kwanta a ƙoshe. Wannan ni'ima ce, sai dai sabo ya sa ba mu ganinta.

Masu cewa wannan abincin cika ciki ne kawai, sai su tambayi 'yan'uwanmu da ke karatun kimiyyar abinci. A cikin kowane giram 100 na busasshen wake akwai kimanin giram 23 zuwa 25 na furotin, watau sinadarin da ke gina jiki. Na waken suya ya kusa giram 40. Tunkuzar gyaɗa da aka matse mai daga cikinta, wadda ake mulmulawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli, tana kaiwa giram 40 har ta wuce. Ɗanyen naman sa kuwa wajen giram 20 ne, domin mafi yawansa ruwa ne. Har ila yau masana sun gano cewa furotin ɗin hatsi yana da giɓin wani sinadari wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma wake yana da ƙarancin wani wanda hatsi ke da shi, saboda haka in aka gama su sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. To, wa ya gaya wa kakanninmu mata su haɗa koko da ƙosai, shinkafa da wake, dambu da gyaɗa? Ba su shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma sun kai ga abin da littattafanmu suka zo suna tabbatarwa daga baya. Dubi kuma daddawa. A dafa kalwar ɗorawa, a surfe, a rufe ta kwanaki ta ruɓa ruɓa mai amfani, ta fito tana ba miyar kuka ɗanɗanon da ba ya bukatar ƙashi. Wannan ilmi ne cikakke, ko da yake babu wanda ya ba masu shi takardar shaida.

Ta fuskar noma ma haka abin yake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken da muke ƙosai da shi, Jamhuriyar Nijar na bi mata. Manomin Ƙafur ko Ɗanja da ke shuka wake a tsakanin kunyoyin dawa ya san amfani uku yake nema: ƙwaya ta ciyar da iyali, harawa ta ciyar da dabbobi da rani, saiwa kuma ta bar wa ƙasa taki, domin wake da gyaɗa da waken suya suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye shi a gona. A zamanin da buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ɗauka cimar nan daskararriya ce wadda ba ta karɓar sabon abu. Masara ba ta mamaye ƙasar Maska ba sai bayan da aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa ingantaccen iri da takin zamani, ga shi yau ita ce tuwonmu da dambunmu da fatenmu. Ita kanta awara baƙuwa ce ta jiya-jiya. A da, waken suya amfanin gonar Tibi ne a Binuwai, kuma don sayarwa waje ake nomansa. A ƙarshen shekarun 1980 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan ta dukufa wajen koya wa jama'a cin sa, har aka aiko mata da wani masani Bajapane, Osamu Nakayama, don ya nemo yadda za a riƙa cura shi da kayan da ke hannun mutane. Da sana'ar ta iso Arewa sai matanmu suka mai da ita tasu. Su jiƙa waken, su kai inji, su tace da ƙyalle, su tafasa madarar, su zuba ruwan tsamin da ya kwana a kan gasara ko na tsamiya, nan da nan ta dunƙule. Su kwashe a ƙyalle da attaruhu da albasa, su danne da dutse ruwan ya tsane, su yanka su soya, dusar kuma ta tafi wurin awaki. Har suna suka raɗa mata, wai ƙwai da ƙwai. Cikin shekaru kaɗan abin da ya fito daga wata uwa duniya ya zama ɗan gida, ya samar wa mata masu ɗimbin yawa jari, ya buɗe wa manomi kasuwar waken suya a ƙofar gidansa. Ina ma'aikatar da za ta bugi ƙirji ta ce ta yi aikin da ya kai wannan?

Cimar nan ta kuma yi tafiya ta ɗaukaka sunanmu. A Ankara da Kumasi ta ƙasar Gana, karin kumallon da ake rububi shi ne wanda suke kira kokon Hausa, da abokin tafiyarsa ƙosai. Shinkafa da waken da suke alfahari da ita, suna dafa ta da karan dafi, sunanta a bakinsu daga kalmarmu ta wake ya samo asali, fataken goro da mazauna zango suka kai ta. A Bahiya ta ƙasar Barazil, ƙosan da bayi daga Afirka ta Yamma suka ƙetare teku da shi, wanda ake kira da sunansa na Yarbanci, yana nan ana soya shi a bakin titi, kuma a 2005 hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar ta sa sana'ar matan da ke soya shi cikin abubuwan gado na ƙasa. Jikokin bayi sun ɗaukaka mai ƙosai, mu da muke 'ya'yanta muna sunkuyar da kai.

Daga ina wannan kunya ta samo asali? Wani ɓangare nata tsoho ne. Bahaushe ya ce tuwon girma miyarsa nama, ya kuma kira miyar da ba nama lami, domin a ƙasar da talaka ba ya ganin tsoka sai ranar kasuwa ko Salla, nama ya zama ma'aunin arziki. Amma babban ɓangaren boko ne ya kawo shi. Ilmin da muka gada daga 'yan mulkin mallaka ya koya mana cewa ci gaba shi ne nisantar duk abin da ya yi kama da ƙauye, har ya zama ɗan sakandare in ya dawo hutu yana yatsina fuska ga akushin da ya girma a kansa. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970 sai aka ƙara da buɗe ƙofa ga alkama da shinkafar waje da kayan gwangwani, burodi da shayi suka zama alamar wayewa, koko da ƙosai suka zama alamar rashi. Sakamakon haka kuɗinmu na tafiya ga manoman wasu ƙasashe, namu manomin yana neman mai saye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A nan wajibi ne mu yi hattara, kada a juya mana magana. Ba mu kira ga kowa ya bar nama ba, kuma ba mu da ikon haramta abin da Allah Ya halatta. Muna layya, muna yanka ragon suna, muna son tsire da kilishi, makiyayi da mahauci kuma 'yan'uwanmu ne da sana'arsu ke cikin ginshiƙan arzikin ƙasa. Ilmi ma bai goyi bayan a yi watsi da kayan dabba ɗungurungum ba tare da shiri ba, domin akwai bitamin B12 wanda jini da jijiyoyi ke bukata, ba a kuwa samun sa a hatsi ko ganye, sai a nono da ƙwai da kifi da nama. Su 'yan bigan na Turai ƙwayarsa suke saye a kantin magani. Mu namu maganin yana cikin ƙwaryar fura da nono, saboda haka mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye kada a hana su nono da ƙwai da ɗan kifi gwargwadon hali.

Akwai kuma wani bambanci da ba za mu rufe ido a kansa ba. Baturen Landan ya bar nama ne don ya ga dama, talakan Faskari kuwa nama ne ya bar shi. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga da suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara tun wajen 2015 sun kore garkuna, sun hana noma gonaki masu yawa. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo, har a watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, shi kansa waken a waccan shekara ya nemi ya fi ƙarfin mai ƙosai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Katsina sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar a watanni shida na farkon 2025 saboda tamowa. Don haka ba waƙar yabon talauci muke yi ba. Yaran nan ba yawan cin wake ya kashe su ba, rashin sa ne. Gidan da ake iya sa wa yaro gyaɗa da waken suya a kunu, a ba shi alale da zogale, da wuya tamowa ta shige shi. A ƙasar da ake loda wa manyan motoci waken suya ana kai wa kamfanonin abincin kaji a Kudu, abin kunya ne a ce yaro ya mutu don rashin abin gina jiki. In ana neman abin jin kunya, ga shi nan, ba ƙosai ba.

Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Kasuwar abincin nan tana da aibobi, kuma mai ƙaunarta shi ya kamata ya fara faɗa. Akwai man da ake soyawa a maimaita har ya yi baƙi ƙirin. Akwai dafa alale a leda, da naɗe ƙosai a tsohuwar takarda mai tawada, da kasa kwaɗo a buɗe kusa da kwata, da ruwan wanke kwano guda tun safe har yamma. Akwai masu zuba wa wake fiya-fiya a rumbu don kashe ƙwari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, mu kuwa muka ci gaba da ci. Akwai gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda ke ɗauke da dafin afalatoksin mai jawo ciwon dajin hanta, kuma sau da yawa ita ake tsincewa a yi ƙuli da ita don ta fi araha. Mafi girma duka, akwai talla. Tun a 1969 wata masaniya Baturiya, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa, ta yi rubutu a kan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida, ta nuna girmansa. Amma ƙafar wannan ciniki ita ce yarinya 'yar shekara goma da tire a ka, tana yawo a tasha cikin dare lokacin da ya kamata a ce tana bitar karatu. Ba za mu ci awara mu yi santi mu manta da wadda ta miƙo mana ita ba.

Saboda haka muna kira, kuma da kanmu za mu fara.

Na farko, ƙungiyarmu da sauran ƙungiyoyin ɗalibai su ɗauki alkawari cewa duk taron da za a ci abinci, a ba matan gari aikin, a kawo alale da ɗanwake da dambu da zoɓo a ajiye su a babban tebur gaban manyan baƙi, ba a bayan ɗaki ba.

Na biyu, ƙananan hukumomin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume su ware fili a kowace tasha da kasuwa, su gina rumfuna masu daɓen siminti da famfo da fitila da wurin zuba shara, su ba masu abinci haya da rahusa, su kuma tsai da haraji guda sananne mai rasit maimakon karɓe-karɓen da ba a san inda suke shiga ba. In Landan za ta iya keɓe dandali don abincin ganye, ba mu ga abin da zai hana Funtuwa samun kasuwar dare mai tsabta ba, inda magidanci zai je da iyalinsa.

Na uku, rumfunan nan a damƙa su ga manyan mata, zawarawa da gwauraye da dattijai, su riƙa karɓar kayan matan da ke cikin gida suna sayar musu bisa kamasho, domin uwa ta sami cinikinta, 'ya kuma ta sami ajinta. Hana talla da baki kawai ba zai yi ba, sai an ba uwar wata ƙafa.

Na huɗu, duba-gari da malaman gona su zama masu koyarwa kafin su zama masu kamu. A nuna wa mai alale ta koma gwangwani ko ganye. A nuna wa manomi buhun nan mai rufi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska ba tare da ɗigon guba ba. A koya wa mai gyaɗa ta shanya ta bushe sarai, ta zubar da ruɓaɓɓiya.

Na biyar, duk wani shirin ciyar da 'yan makaranta ko majinyata da Gwamnati za ta yi a wannan yanki, a sayi wake da waken suya da gyaɗa da zogale daga manoman wurin, a ba matan wurin dafawa.

Na shida ya shafi ilminmu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana nan kusa da mu, ta kuma fitar da ingantattun irin wake da gyaɗa da dawa. Ɗaliban kimiyya su ɗauki awara da daddawa da ƙuli su yi binciken kammala digiri a kansu, yadda za su daɗe ba su lalace ba, yadda za a rage itacen da suke ci. Ɗaliban Hausa da na tarihi su je wurin tsofaffi su rubuta sunayen ganyaye da yadda ake sarrafa su, tun kafin masu sanin su ƙare.

Ku kuma yayyenmu da ke ofisoshi a Katsina da Kaduna da Abuja, ku tuna cewa da yawanmu da ribar ƙuli-ƙuli aka saya mana littafin farko, da cinikin ƙosai aka biya mana kuɗin jarrabawa. Ranar da takardar tashin masu abinci daga bakin titi ta zo teburinku, ku tambaya ina aka tanadar musu kafin ku sa hannu. Ranar da za a tsara kasafin walimar ofis, ku tuna da mai dambun unguwarku.

Ita kuwa 'yar'uwar da aka yi wa dariya a kwamiti, muna ba ta haƙuri a madadin kowa, muna kuma shaida mata cewa shawararta ita ce daidai. Walima mai zuwa da alale za a yi ta. Kafin nan, duk wanda ya ji yunwa da daddare, mu haɗu gaban kasko, ta wajen da fitila ke haskawa, kowa ya ga kowa. Allah Ya sa mu dace.